Tayoyin Motar Amarya

Ƙarar motar ta riga motar isowa. Halimatussa'adiyya, wadda kowa a Dutsin-Ma ke kira Sadiya, tana durƙushe gaban shagon tayar mahaifinta tana duba iskar wata motar haya, ba ta ko ɗago kai ba. Ta san irin wannan ƙara. Ta samarin da ke taka totur don a kalle su ce, ba don suna sauri ba.

Jar mota ce mai ƙofa biyu, ƙirar Jamus, gajera har kamar za ta lashi kwalta. Samari biyu suka fito. Wanda ya tuƙo dogo ne, cikin shadda ruwan toka. Ɗayan kuma gajere, da baƙin tabarau da ya fi fuskarsa faɗi, shi ya fara magana.

"Ke, ina mai shagon?"

"Ya tafi masallaci. Sunana Sadiya, ba ke ba. Me kuke so?"

"Namiji muke nema, wanda ya san taya."

"To ku tsallaka titi. Akwai maza huɗu a wancan shagon, har da masu gemu."

Dogon ya yi dariyar da bai shirya ba. Ya ce, "Yi haƙuri, Malama. Sunana Talha, daga Kurfi muke. Wannan Mutawakkil ne, ɗan kawuna, bakinsa ya fi shi girma. Taya nake so a canza mani, duka huɗu."

Sai lokacin ta miƙe ta dube shi. Ya ga idanu farare tas a fuskar da ba ta san kwalliyar rana ba, da hannuwa da baƙin taya ya shiga har ƙarƙashin farce. Ita kuma ta ga mutumin da ya iya ba da haƙuri, abin da ba kasafai masu irin wannan mota suke iyawa ba.

Shekara biyu ke nan da Sadiya ta gama digirin injiniya. Ta yi bautar ƙasa, ta kai takardun neman aiki ofis-ofis har takalminta ya suɗe, babu wanda ya kira. Ranar da ta gaji, ta ɗaure hijabinta a ƙugu ta bi mahaifinta, Malam Sabitu, shago. Matan unguwa suka samu abin taunawa: digiri ya ƙare a faci. Ƙawayen da suka yi makaranta tare sukan wuce a adaidaita su kau da kai, kamar baƙin hannu cuta ce mai yaɗuwa. Ba ta taɓa tanka wa kowa ba, kuma ba ta taɓa fashin kwana ɗaya ba.

Ta zagaya motar, ta goge gefen tayar da tsumma, ta nuna wa Talha wasu lambobi huɗu.

"Wannan makon da aka yi ta ne, da shekarar. Shekararta tara. Da ita ka sayi motar?"

"Da ita na saya."

"Allah ya tsare, ba dabararka ba."

Ta shiga ciki ta gangaro da taya biyu. Ɗaya sabuwa ce mai araha, irin wadda direbobin haya ke saye. Ɗayar kuwa daga Kano ake kawo ta, kuɗinta ya ninka na farkon kusan sau huɗu.

Mutawakkil ya ji farashi ya yi tsaki. "Taya ai taya ce. Duk baƙa ce, duk zagayayya ce."

"Hula ma duk hula ce," in ji Sadiya. "Me ya hana ka sa ta gwanjo?"

Ta juya ga Talha. "Ba ni da faɗa da mai araha. A motar da ke kai tumatir kasuwa, ita ce daidai, kuma kullum ina saka ta. Amma ba a yi ta don gudun wannan motar ba. In ta yi zafi laushi take yi, in ka taka birki cikin ruwan sama sai ka wuce inda ka nufa da tsawon gida biyu. Ka sayi shadda gezna za ka kai wa mai ɗinkin buhu. Ni ba zan saka maka ita ba."

"Ko da kuɗina?"

"Ko da kuɗin Alhajinku."

Mutawakkil ya ja shi suka tsallaka titi. Tana kallo aka gangaro masu wasu tayoyi 'yan Beljiyam masu sheƙi kamar an shafa masu man gyaɗa. Ta taɓe baki ta koma kan aikinta. Ba ta ga lokacin da Talha ya ɗauki lambar da ke jikin allon shagonsu ba.

Bayan magariba saƙo ya shigo wayar shago.

"Salam, Injiniya. Talha ne, mai jar mota. Na saka na tsallake, amma tun daga Dutsin-Ma har Kurfi muryarki nake ji tana cewa ba zan saka ba. Akwai abin da ke rawa, ban sani ba ko sitiyari ne ko hannuna."

Ta karanta sau biyu kafin ta amsa.

"Wa'alaikumus salam. Sitiyarin ne. Ana buɗe shago ƙarfe takwas."

Washegari takwas saura kwata yana ƙofar shagon, shi kaɗai. Ta cire taya ɗaya ta wanke sheƙin da ruwan omo, ta nuna mashi yadda aka bi tsohuwar taya da wuƙa mai zafi aka yanka mata sabon zane, har zaren ciki ya leƙo.

Talha ya shafa zaren da yatsa. Sannan ya faɗi gaskiya: ribar masarar da ya ajiye shekara uku ya tattara ya sayi motar, abin da ya rage mashi ba zai sayi masu tsada huɗu ba, sai biyu.

"To a sa su gaba," ya ce, "inda za a gan su."

"Su wa za su gani? Motarka da baya take turawa. In baya ya zame babu sitiyarin da zai cece ka. Masu kyau baya za su. Gaba zan sa maka masu araha sababbi, da sharaɗi: kar ka wuce tamanin har ka kawo sauran biyun."

"Motar da ke yin ɗari biyu da hamsin?"

"A takarda. Kai tamanin za ka yi."

"To, Injiniya."

Malam Sabitu, da ke zaune kan benci yana jan carbi, ya ɗago ya dubi saurayin, ya dubi ɗiyarsa, ya koma ga carbinsa.

Daga nan jar mota ta koyi hanyar shagon. Duk ranar kasuwa sai ta samu wata lalura. Yau iska ta ragu, gobe akwai ƙarar da babu mai jin ta sai Talha. Yakan zo da soyayyen kifin dam ɗin Zobe a ƙunshe cikin takarda, ya ajiye kan benci ya ce na Baba ne. Da ya ga uzurin ya ƙare, ya je gidan Malam Sabitu ya durƙusa ya nemi izinin zance.

Malam Sabitu ya ce, "Ka zo. Amma ni ba na tambayar maƙwabta halin mutum. Shekara talatin ina wannan aiki, tayar mutum nake dubawa. Ita ba ta iya ƙarya ba."

A zaure, Sadiya takan zauna can ƙarshen tabarma ta ɓoye hannuwanta cikin hijabi. Wata rana ya lura.

"Injiniyata, me kike ɓoyewa?"

"Babu komai."

"Hannuwan nan su suka hana ni kashe kaina a hanyar Kurfi. In kika ɓoye su, me ya rage mani in kalla?"

"Bakinka ya fi motarka gudu, Mai Ja."

"Shi ma ki sa mashi sharaɗi. Zan bi."

Ta yi murmushi ta kau da kai, amma ta fito da hannuwan ta ɗora su bisa gwiwa.

Labari ya isa Kurfi kafin Talha ya kai shi. Mahaifiyarsa, Hajiya Batula, ta daɗe da ajiye mashi Saudatu, ƙanwar Mutawakkil, yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi wayarta nauyi ba. Wata Laraba da hantsi wata farar mota ta tsaya a shagon, direba ya ce a duba iska. Gilashin baya ya sauka. Dattijuwa ce cikin leshi, kusa da ita budurwa ta toshe hanci da mayafi.

"Ke ce ɗiyar mai facin?"

Sadiya ta gane kamannin Talha a fuskar dattijuwar. Ta rusuna. "Ni ce, Hajiya. Ina kwana?"

Hajiya ba ta amsa gaisuwar ba. Ta bi ta da kallo daga sama har ƙasa, ta tsaya a hannu. "Ikon Allah. To wa zai ci tuwon waɗannan hannuwan?"

Budurwar, wato Saudatu, ta yi dariya cikin mayafi.

"Mahaifina ke ci, Hajiya, kuma bai taɓa kwana asibiti ba."

Ta durƙusa ta auna tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk an cika su da iska fiye da kima, aikin masu bugun taya da hannu su ce ta yi. Ta rage, ta gaya wa direban adadin da ya dace, ta ƙi karɓar ko sisi.

"Allah ya kiyaye hanya, Hajiya."

Sai da motar ta ɓace ta zagaya bayan shago. Ta yi ta dirzar hannunta da soso har fatar ta yi ja. Baƙin bai fita ba. Ta tsaya ta kalle shi, ta jefar da soson, ta koma bakin aiki. Ba ta gaya wa Talha ba. A ganinta matar da ta taso tun daga Kurfi don ta kalli farcen wata, ita ce abin tausayi.

Abin da Hajiya ta kasa yi da baki, Talha ya yi shi da ƙafarsa.

A garuruwan nan akwai wata ɗabi'a da samari suka ɗora wa biki har ta zama kamar farilla. Idan ayarin kai amarya ya iso bakin gari, sai abokan ango su tsaya a fili su yi ta juya mota a wuri ɗaya, taya na ihu, hayaƙi na tashi, yara na gudu tsakanin motoci, kowa ya ɗaga waya. Wanda hayaƙinsa ya fi yawa shi ne gwani. Manya su yi faɗa da baki, a ransu kuma suna jin daɗi idan motar gidansu ce ta yi fice.

Ranar wata Lahadi bidiyo ya shigo wayar shago daga lambar da Sadiya ba ta sani ba. Ƙasansa an rubuta: "Ga mijin naki, Injiniya. Saudatu ce."

Bikin wani abokin Talha ne a garin Ɗantutture. Jar mota na juyawa kamar an kunna mata aljani. Talha ne a sitiyari, yana dariya. A kujerar baya ga amarya lulluɓe, ta ƙanƙame wata tsohuwa, tsohuwar na salati baki buɗe. Hayaƙin da ke tashi daga tayoyin da Sadiya ta ɗaura da hannunta yake fitowa.

Ranar kasuwa ya zo da kifinsa kamar kullum. Malam Sabitu bai amsa sallama daga benci ba. Ya taso ya durƙusa bayan motar, ya shafa tayar da tafin hannu, ya duba hannun.

"Wata biyu," ya ce. "Tayar da za ta yi shekara uku." Ya miƙe. "Talha, ba ni ba da ɗiyata ga mutumin da zai ƙona abin da ke riƙe da ransa don a yi mashi tafi."

Talha ya juya ga Sadiya. "Injiniyata, ki saurare ni. Abokina ne tun firamare. Motata ce ta fi kowace a ayarin, in na ƙi sai a ce baƙin ciki nake mashi. Haka ake yi."

"Haka ake yi," ta maimaita. "Amaryar da ke baya, an tambaye ta? Ko buhun masara ce? Na ɗauka kai mutum ne da ya yi kuskuren sayen mota. Ashe ɗan wasa ne da yara ke kaɗa wa ganga."

"Sadiya..."

"Ɗauki kifinka. Shagon tsallake na nan, suna da irin tayar da ta dace da kai."

Mako uku ba ta amsa kiransa ba. A unguwa aka ce dama ina ɗiyar mai faci ina ɗan Alhaji, ai an ga ƙarshen girman kai. Wata maƙwabciya har ta shigo gida jaje, bakinta na jimami idonta na murna. Sadiya ta ba ta kujera, ta ba ta ruwa, ta bar ta da surutunta. Da safe ta fita shago kamar kullum. Idan wata mota mai ƙara ta wuce, hannunta kan tsaya kan sifana na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. Ta rame, amma wanda duk ya tambaya sai ta ce zafi ne.

Saƙonsa na ƙarshe ya zo ranar Juma'a.

"Injiniyata. Na kalli bidiyon nan ni kaɗai, ba tare da ihun abokai ba. Na ga fuskar tsohuwar. Na je Ɗantutture na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce tun ranar ƙirjinta bai daina bugawa ba. Ban aiko don in kare kaina ba. Motar tana gida a rufe, a acaɓa nake zuwa kasuwa. In kin ce in sayar da ita, gobe zan sayar. Ke dai kar ki ce in tafi."

Ta karanta har ƙarshe. Sannan ta rubuta:

"Motar ba ta yi laifi ba. Ka zo ka ga Baba."

Bai zo shi kaɗai ba. Mahaifinsa ya yi nasa binciken, aka gaya mashi yarinyar ba ta da abin faɗi sai taurin kai da gaskiya, ya ce su biyun duk ana nema a gidan ɗan kasuwa. Ya turo manya. Malam Sabitu ya saurare su, ya karɓi gaisuwa, aka sa rana bayan girbi. Amma ya ƙara magana ɗaya.

"Motar da za ta ɗauki ɗiyata, a shagona za a sa mata taya. Kuma shi zai zaɓa da bakinsa, a gabana."

Manyan suka ɗauka tallan haja ne, suka yi dariya. Talha kuwa ya gane. Duk mai wasan mota ya san ƙa'ida: ana gobe biki ake sa mafi araha a baya, tunda ƙona su za a yi. Babu mai hankalin da zai sa masu tsada idan yana da niyyar juyi, shi ma sau ɗaya ya yi ya ji a jikinsa. Tayar da ya zaɓa ita za ta faɗi abin da za a yi da Sadiya a bakin garin Kurfi.

Hajiya Batula ta ga aure ya fi ƙarfinta, sai ta koma kan biki. In dai dole ne a auro ɗiyar mai faci, to a nuna wa mutanen Dutsin-Ma gidan da ɗiyarsu ta shigo: akwati goma na lefe, da ayarin da za a daɗe ana labarinsa. Abin da ke hannun Talha kuwa ba zai ɗauki akwati goma da taya huɗu masu tsada ba.

Saura kwana goma biki Talha da Mutawakkil suka zo shagon. Sadiya ta gangaro da taya biyu, ta jingine ɗaya dama ɗaya hagu, ta koma gefe ta harɗe hannu. Malam Sabitu na benci.

Mutawakkil ya dafa mai arahar. "Ɗan'uwa, ka yi tunani. Bikin kowa ka je ka yi masu, naka ne za a shiga gari shiru kamar an kawo gawa? Samarin Kurfi duka jiran ranar nan suke. Ka sa wannan, ka cika wa Hajiya akwatunanta, kowa ya huta. Bayan biki ka sa duk wadda matarka ta ga dama."

Talha bai dube shi ba. Sadiya yake kallo.

"Injiniyata, in na ɗauki waccan, lefenki biyar zai zama. Kin san abin da za a ce."

"Na sani."

"Za su ce ban daraja ki ba."

"Shekara biyu ana cewa. Bakinsu bai taɓa hana ni barci ba."

Ya taka ya ɗora hannu kan mai tsadar. "Baba, wannan. Guda huɗu."

Mutawakkil ya cire tabarau. "Wallahi an gama da kai. Tun kafin a shafa fatiha!"

"Malam Mutawakkil," in ji Sadiya, "matsa daga nan, jak zan sa in ɗaga motar."

Malam Sabitu ya taso. Ya ajiye carbi, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki sifana da kansa.

Ranar da aka kawo lefe, abin da aka zata shi ya faru. 'Yan kawo kaya suka jera akwati biyar a tsakar gida suna kallon sama. Matan unguwa suka ƙirga, suka sake ƙirgawa ko sun yi kuskure. Har Gogo Kulu, yayar Malam Sabitu, ta shigo ɗaki ta sami Sadiya.

"Ke yanzu da digirinki, da ɗan Alhaji guda, akwati biyar? Ɗiyar mai ƙosai bakwai aka kawo mata!"

"Allah ya sa ta sa su lafiya, Gogo."

"An ce wai taya ya saya da sauran. Taya! Ita za ki ɗaura ranar suna?"

"A kanta za ki zauna ranar kai ni, Gogo. Ke za ki fi kowa gode mashi."

Gogo ta fita tana tafa hannu. Ta taga Sadiya na jin ana ɗaga atamfa ana faɗin kuɗinta, matan da rabinsu aron mayafi suka yi suka zo. Ta ja labule ta ɗauki waya.

"Mai Ja, an ƙirga ni yau har sau uku. Biyar ɗin dai nake."

"Ni ɗaya na ƙirga, kuma ta ishe ni har Aljanna. Ki yi haƙuri, Injiniyata."

"Ban ce ya dame ni ba."

"Na sani. Shi ya sa na ba ki haƙurin."

An ɗaura aure ranar Asabar da safe. Ana idar da la'asar ayari ya haɗu a ƙofar gidan Malam Sabitu, don yanzu babu mai son magariba ta same shi a hanya. Jar mota ce a gaba, an wanke ta tana ɗaukar ido. Ango ba ya tuƙa amaryarsa, abokai ke yi, don haka Mutawakkil ya gyara hula ya miƙo hannu a ba shi makulli. Samarin da ke bayansa suna ƙyafta wa juna ido. Taya mai tsada ma ai tana hayaƙi.

Talha ya wuce shi. Ya je wajen wani dattijo mai farin gemu da ke tsaye a inuwa, Malam Almu, wanda ya yi shekara talatin yana jan motar hatsin Alhaji bai taɓa goge ko akuya ba. Ya rusuna ya ba shi makullin da hannu biyu.

"Baba Almu, amanata ce a ciki."

"To, ɗana. Ina ake sa giyar wannan abar?"

Sai da aka sha fama kafin Gogo Kulu ta shige kujerar baya ta ƙofar gaba, tana tsine wa wanda ya ƙera mota ba ƙofar baya. Aka shigar da amarya kusa da ita. Malam Almu ya yi bisimilla, ya karanta addu'ar hawa abin hawa har ƙarshe, sannan ya ɗaga ƙafa.

Motar da aka ce tana yin ɗari biyu da hamsin ta kama hanyar Kurfi a kan arba'in. Babu mai wuce motar amarya, don haka mota goma sha biyu suka jeru a bayanta suna huci. Wani mai keke da buhun gawayi ya daɗe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da su.

Wayar Sadiya ta yi motsi ƙarƙashin lulluɓi.

"Matata, kina lafiya?"

"Lafiya lau. Gogo ta yi barci."

A bakin garin Kurfi fili ya cika. Samari sun hau katanga, wayoyi a sama. Da suka hango ja, ihu ya tashi.

"Juya ta! Juya ta!"

Sadiya ta riƙe gefen kujera.

Malam Almu ya rage gudun da dama babu shi. Ya kunna sigina. Ya sauke gilashi ya ɗaga masu hannu.

"Sannunku da rana, samari. A ba mu hanya, amarya ce."

Wasu suka yi ehon raini, wasu suka fashe da dariya, wani ya ce ango ya zama mijin-ta-ce. Motar ta ratsa su a hankali ta shige gari, ayari na biye, ba wanda ya samu filin juyawa. Sadiya ta saki kujerar. A nan ne, inda babu mai ganinta, hawayen da ta hana kanta shekara biyu suka zubo, ta bar su.

Aka kai ta ɗakin Hajiya Batula aka durƙusar da ita. Gogo Kulu ta damƙa amana, ta ƙara da cewa ita dai tunda take raka amare ba ta taɓa isowa da ɗankwalinta a kai ba sai yau. Hajiya ta daɗe tana kallon lulluɓaɓɓiyar da ke gabanta. Bara ɗiyarta ta fari an kai ta gidan miji tana amai, da ƙulu a goshi, saboda juyin da aka yi da motarta, kuma ita ma ta yi guɗa a lokacin.

Ta miƙa hannu ta dafa kan amaryar.

"Kin iso lafiya. To, Allah ya sa kin shigo ke nan. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Ɗakin ya amsa da amin.

Da jama'a suka watse, Talha ya shigo da sallama ya zauna nesa kaɗan, kamar yadda ya saba a zaure.

"Injiniyata, yau duk Kurfi dariya ake mani."

"Ta yi zafi?"

"Kaɗan."

"Za ka saba. Ni zan koya maka."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ya tashi ya shimfiɗa darduma biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, suka yi raka'a biyu na godiya. Ya ɗaga hannu ya roƙa masu albarka da tsawon rai da rufin asiri, ya roƙa wa iyayensu, har da Baba Almu. Sadiya na bayansa tana cewa amin, a hankali, sau da yawa.